Yadda Ake Shuka Furannin Daji a Tsakar Gida Don Ƙudan Zuma da 'Yan Uwansa

Duk wanda ya taɓa shuka kabewa a bayan ɗaki a cikin birni ya san wannan takaicin. Ta yi yaɗo ta rufe danga, ta yi fure, 'ya'ya su fito ƙanana, kwana kaɗan sai su yanƙwane su zube. Wani ya ce ƙasar ce ba ta da kyau, wani ya ce baki ne. Sau da yawa abin bai kai nan ba: babu mai yi mata barbara ne. Kabewa furen namijinta daban, na macen daban, kuma garin furen yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Sai ƙwaro ya shiga wannan ya fito ya shiga wancan. Idan unguwa ta zama siminti da intalok tun daga ƙofar gida har bakin kwalta, ƙwaron ba shi da abin da zai kawo shi.

Ba kabewa kaɗai ba ce. Wani babban rahoto na masana na duniya da ya fito a 2016 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da aka fi ci suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu, kuma kusan kashi 90 na tsirran daji masu fure sun dogara da su. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, ya gano cewa idan aka hana ƙudan zuma kaiwa ga furen riɗi, amfanin yakan ragu da fiye da rabi. Mai shiga kasuwar Dawanau ko ta Maigatari ya san abin da rabin buhun riɗi yake nufi.

A Ingila, inda aka yi asarar kusan kashi 97 na filayen furannin daji tun daga shekarun 1930, mutane sun koma barin ciyawar ƙofar gidajensu ta yi fure, har suna sayen irin a fakiti. Dabarar mai kyau ce, amma fakitin ba namu ba ne. An haɗa shi don ƙasa mai sanyi da yayyafi kusan duk shekara. Mu damina muke da ita ta wata huɗu ko biyar, sai rani mai tsawo. Irin da ya dace da mu yana gefen hanya da bakin gonaki, kuma rabinsa iyayenmu mata sun san shi a tukunyar miya. Aikin da ke gabanka shi ne ka tara shi wuri guda, ka tsara shi yadda kowane wata zai zo ya tarar da wani abu yana fure.

Mataki na farko: zaɓen wuri

Nemi inda rana ke samu aƙalla awa shida a yini. Gindin darbejiya ko mangwaro ba zai yi ba, inuwa ta yi yawa kuma saiwoyin sun riga sun cinye wurin. Kada ya zama kwarin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, kada kuma ya zama daidai inda indararo ke zubowa, don zai wanke irin.

Ka fara da ƙarami. Mita 3 a tsaye, mita 4 a kwance ya isa shekarar farko. Wanda ya share rabin fili da zumuɗi, kafin tsakiyar damina ciyawa ta fi ƙarfinsa.

Ka bar tazarar kamar mita ɗaya tsakanin wurin da bangon ɗaki, a share ta fes. Dalili biyu ne: danshi ba zai ci ginin ba, kuma za ka sami amsar da za ka ba mutanen gida idan maganar maciji ta taso, don za ta taso. Zan dawo kanta.

Mai zaman haya ko wanda gidansa duk an shafe da siminti, shi ma yana da hanya. Buhunan da aka cika da ƙasa, tsofaffin bokitai da aka huda gindinsu, ko tukwanen ƙasa da suka tsage, a jera goma ko sha biyu wuri guda a rana. Jerawa wuri guda ta fi warwatsawa, don ƙwaro ya fi saurin ganin tarin fure.

Mataki na biyu: sanin abin da za a shuka

Nan ne ya kamata mutum ya zauna ya yi tunani, don sauran aikin duk mai sauƙi ne.

Na damina su ne ƙashin bayan wurin. Gasaya ce ta farko a wurina: tana tsirowa da wuri, cikin mako huɗu zuwa shida ta fara fitar da farin furenta mai dogayen gashi, kuma tana ci gaba da yi tana hawa sama har damina ta ja. Karkashi, wanda wasu ke kira yauɗo, furensa ruwan hoda ne mai rami, ƙudan zuma ke shigewa ciki gaba ɗaya ya fito da baya. Lalo yana da ƙananan furanni rawaya da ƙananan ƙwari ke so. Rama da yakuwa sai wajen Satumba da Oktoba suke buɗewa, daidai lokacin da na farko suka fara gajiya. Ɗoɗɗoya kuwa ba ta da na biyu wajen tara ƙwari, in dai an bar ta ta yi kai ba a tsinke ba. Sai baba, wanda ake rini da shi a marina irin ta Ƙofar Mata, da filasko, da hankufa, da waken gida mai yaɗo. Baba da wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga furen kuma.

Tafasa da rai-ɗore masana sun ce asalinsu daga nahiyar Amurka ne, amma sun daɗe a nan har sun zama 'yan gida. Ba sai ka shuka su ba, da kansu za su zo. Ka bar gindi biyu ko uku, sauran ka cire ka yi kwaɗo. Akwai abin kallo a jikinsu. Furen tafasa da na filasko ba sa sakin garinsu da sauƙi, yana kulle ne a cikin 'yan bututu masu ƙaramar ƙofa. Babban baƙin ƙwaron nan mai gunji, wanda ke huda busasshen itace, shi ke zuwa ya rungume furen ya karkaɗa jikinsa har garin ya zubo masa a ciki. In ka tsaya kusa da safe za ka ji sautin ya canja daga na tashi zuwa wani siriri mai kaifi. Ƙudan zuman amya bai iya wannan ba. Tumatir da gauta su ma irin wannan girgizar ke ƙara musu 'ya'ya, shi ya sa mai 'yan shukokin miya a gida yake da riba a nan.

Masu yaɗo a ba su katanga ko danga: garafuni, yaɗiya, soso da duma. Furen duma fari ne, da yamma yake buɗewa, baƙinsa na dare ne, wato manyan malam-buɗe-littafin dare masu dogon baki.

Ciyawa ma tana da gurbi, amma kaɗan. Gindin gamba ɗaya ko biyu a can baya, da ɗan kyasuwa. Ƙudan zuma na ɗibar gari a kansu da sassafe kamar yadda yake ɗibar bununin gero, kuma tushensu mafaka ce ga ƙwari a rani.

Sai babbar matsalar, wato rani. Daga Nuwamba zuwa Mayu duk waɗancan na damina sun bushe, kuma a lokacin ne ƙwarin birni suka fi shiga wahala. A daji itatuwa ne ke riƙe su: gawo yana fure bayan ɗaukewar ruwa, kaɗanya da ɗorawa a tsakiyar rani. A tsakar gida ba ka da filin gawo, don haka ka nemi ƙananan da za su tsaya a madadinsa. Shuwaka ce gwarzuwar wannan lokaci. In aka bar ta ba a sare kai ba, da hunturu takan rufe da fararen furanni masu ƙamshi, ƙudan zuma ya yi ta kaiwa da komowa har rana ta take. Magarya tana fure a ƙarshen damina zuwa kaka, furen ba shi da kyan gani amma ƙwari na rububinsa. Sabara da lalle suna jure fari. Zogale baƙo ne daga Indiya, amma ba ya mamaye wuri kuma yana fure kusan duk shekara, don haka ban ga laifin gindi ɗaya a kusurwa ba. Biyu ko uku daga cikin waɗannan sun wadatar.

Tumfafiya sai an yi shawara. Tana fure a tsakiyar zafi lokacin da komai ya ƙone, kuma a ganyenta ne malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙi da ɗigon fari a bakin fiffike yake yin ƙwai. Amma nononta yana illa ga ido sosai. Gidan da ke da ƙananan yara, a haƙura da ita, ko a sa ta inda hannu ba ya kaiwa.

Akwai waɗanda ba a ba su masauki ko da furensu ya burge. Ƙuduji, wato wuta-wuta, furensa ja-ja ne mai kyau amma shi ke kashe dawa da gero, kuma gindi ɗaya yana zubar da dubban iri da ke daɗewa shekaru a ƙasa. Zaƙami guba ne. Ƙarangiya da tsidau da kashin yawo kuwa, ƙafar yara ce za ta biya. Furannin da ake sayarwa a bakin titi, masu ganye kala-kala ko fure mai ninki-ninki, yawancinsu ado ne kawai. Gwajin mai sauƙi ne: ka tsaya minti biyar gaban shukar da hantsi kafin ka biya. In babu abin da ya sauka a kai, bar musu kayansu.

Mataki na uku: tara iri

Lokacinsa kaka ne, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kwanson ya bushe ya fara tsagewa amma bai zubar ba. Wanda ke son shuka a watan Yuni, tun bara ya kamata ya yi wannan yawon. In ya wuce ka, yakuwa da rama da riɗi da wake suna kasuwar hatsi, karkashi da lalo da gasaya kuma a tambayi tsofaffin mata da masu lambu, sukan ajiye. Dangi na ƙauye su ne babbar taska. Saƙo ɗaya ka aika, sai a ɗauro maka a ƙullin leda har ka rasa inda za ka kai.

In da kanka za ka tara, je bayan gari, gefen gonaki da bakin fadama da tsofaffin kufai. Ka yi sallama ga mai gona tukuna. Ka guji inda aka yi feshin maganin ciyawa, za ka gane shi da yadda komai ya ƙone launi ɗaya. Kada ka kwashe gindi ɗaya tas. Ɗan kaɗan daga nan, ɗan kaɗan daga can, daga gindi goma ko fiye, don irin ya zama gauraye mai ƙarfi kuma wurin ya sake tsirowa baɗi.

A shanya a inuwa kamar mako guda, a murje, a sheƙe. Kowane iri a takardarsa ko ambulan, a rubuta suna. Leda tana riƙe gumi ta ruɓar da shi. Ɗan tokan murhu a ciki yana korar ƙwarin da ke huda iri, musamman na wake da baba. Irin gasaya sabon cirewa ba ya son tsirowa, sai ya huta 'yan watanni, saboda haka ajiyar rani ta yi masa daidai.

Shuwaka ba a wahala da irinta: reshe mai kaurin yatsa, tsawon kamu ɗaya, a soka a ƙasa mai danshi. Lalle ma yana kamawa haka. Magarya kuwa sai an fasa ƙwallon a hankali an ciro ƙwayar ciki, a raine ta a leda tun watan Maris ko Afrilu.

Mataki na huɗu: gyaran ƙasa

A watan Afrilu ko Mayu, kwashe ɓaraguzan siminti da fasassun kwalabe da leda. Filin da aka gama gini a kansa yakan ɓoye tarkace har zurfin taki ɗaya. In akwai kiri-kiri ko aya-aya, a bi su da haƙuri a tono saiwa da 'ya'yan, don guntun da aka bari shi ne gonar gobe. A sassauta ƙasa da fartanya, zurfin yatsa huɗu ya isa. Ba kunya za a yi ba, a baje ta.

Taki shi ne inda manomi ke kuskure, don hannunsa ya saba. Waɗannan tsirrai a ƙasa marar ƙarfi suka tashi. In ka zuba musu takin zamani, musamman yuriya, ganye za su yi ta yi, ciyawa ta haye kansu, fure ya yi ƙaranci. In ƙasar jar-jar ce ta gini ko rairayi zalla, kwando biyu na ruɓaɓɓen takin gida ya isa wa fili mai mita 3 da 4. Ɗanyen kashin awaki ko na shanu yana tafe da irin ƙarangiya a ciki.

Ga dabarar da ke rage rabin wahalar damina. Ruwan farko in ya sauka, kada ka yi shuka. Bar wurin kwana goma zuwa mako biyu, duk irin ciyawar da ke kwance a sama zai tsiro. Sai ka bi da fartanya sama-sama ka kankare, ba tare da ka juya ƙasa ka tono na ƙasa ba. Bayan nan ne naka zai sami fili.

Mataki na biyar: shuka

A jira ruwan shuka na gaske, wanda ya jiƙa ƙasa har ka tona da hannu ba ka tarar da busasshiya ba. A Kano da Katsina da Zinder yawanci cikin Yuni ne ko farkon Yuli, a Zariya da Kaduna yakan riga haka.

Daren da za a yi shuka, masu taurin kwanso irin baba da filasko a tafasa ruwa, a sauke, a zuba musu, a bar su su kwana. Yakuwa da rama ruwan sanyi ya ishe su. Ƙananan iri kamar gasaya da karkashi da lalo da ɗoɗɗoya ba a jiƙa su.

Ƙananan a gauraya su da busasshen yashi, awo ɗaya na iri, biyar na yashi, don hannu ya iya rarraba su kuma ka ga inda ka watsa. Cokalin shayi ɗaya na iri ya isa murabba'in mita guda. Zai yi maka kamar ya yi kaɗan. Bai yi ba. A raba gida biyu, a watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa. Kada a binne. A bi da tafin ƙafa ko faffaɗan katako a danne su su manne da ƙasa, in ya so a yayyafa yashi ɗan siriri saboda tsuntsaye da tururuwa.

Manyan iri kuwa rami ake musu, zurfin gaɓar yatsa, biyu ko uku a rami. Dogaye irin rama da yakuwa da gamba a baya wajen katanga, matsakaita a tsakiya, gajeru a gaba. Kowane iri a yi masa rukuni, kamar faɗin tabarma ƙarama, maimakon a cakuɗa komai da komai. Ƙudan zuma in ya fita kiwo yakan bi fure iri ɗaya ne a tafiya guda, rukuni yana rage masa yawo.

Kada a zuba duka rana ɗaya. A ajiye kashi ɗaya cikin uku na gasaya da karkashi da ɗoɗɗoya, a ƙara watsawa bayan mako uku, don furen ya kai har kaka.

Sannan shinge. Akuya ɗaya ko kaji uku za su gama da aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar. Karan dawa ko waya mai raga, tun ranar shuka.

Mataki na shida: makonni shida na farko

In ruwa ya ɗauke fiye da kwana huɗu ko biyar bayan tsiro, a yi yayyafi da yamma. Da sun kafu, ruwan sama ya ishe su.

Wahalar ita ce gane naka daga na Allah-ya-kawo tun suna ƙanana. Maganinta, ranar shuka ka zuba kowane iri kaɗan a gwangwaninsa ka rubuta suna. In sun tsiro ka san kamannin kowa, sai ka riƙa ɗaukar gwangwanin kana gwadawa. Noman firi da hannu ake yinsa a nan, ba da fartanya ba, bayan mako biyu zuwa uku, sai maimai bayan wasu ukun. Abin da ba ka gane ba, in ba mai ƙaya ba ne, ka bar gindi ɗaya ya yi fure ka ga ko wane ne. Ta haka balasa mai shuɗin fure da yaryaɗi suke shigowa, kuma ba a rasa mai son su.

Inda suka yi cunkoso a rage, tazarar taki ɗaya tsakanin manya. Abin da aka cire na gasaya da lalo da rama da yakuwa ba asara ba ne, miyar dare ce. Sai dai a yi yarjejeniya da uwargida tun wuri: layin gaba na tukunya, na baya na fure. In ba haka ba, kullum za a tsinke kan, kuma shukar da ake tsinke wa kai ba ta fure.

Mataki na bakwai: ruwan sha da wurin kwana

Fure abinci ne kawai. Nau'o'in ƙudan zuma a duniya sun kai kusan 20,000, kuma mafi yawansu ba sa zaman amya, ba sa tara zumar da za a ɗiba. Kowace mace ita kaɗai take haƙa raminta, kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasa, sauran a cikin kara ko busasshen itace. Waɗannan ba su da rundunar da za su kare, don haka da wuya su yi harbi. Galla, 'yar ƙaramar nan da ke shiga ramin bango ko kogon itace, ita ko ƙarin harbi ba ta da shi.

Saboda su, a bar wani gefe na ƙasa tsirara inda rana ke bugawa, kada a tona kada a jiƙa. In ka ga 'yan ramuka da tarin ƙasa a bakinsu, an yi baƙi. A ɗaure damin karan rama ko siraran gora masu rami, tsawon taki ɗaya, a rataye a ƙarƙashin inuwar rufi inda ruwa ba ya duka. Ko a sami busasshen gungume a huda shi da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10, zurfin santimita 10 zuwa 15, kada su ɓulle ta baya. Ramin da ka ga an toshe bakinsa da laka ko guntun ganye, akwai ƙwai a ciki. Mai tsohuwar katangar ƙasa ya riga ya mallaki wannan, kada dai ya shafe ta duka da siminti.

Ruwa kuwa, kasko marar zurfi, a cika da tsakuwa, a zuba ruwa yadda kan duwatsun zai fito don su sami wurin tsayawa. A zubar a sake duk bayan kwana biyu. Sauro yana bukatar kamar mako guda ko fiye daga ƙwai zuwa tashi, ruwan da ake sauyawa ba ya ba shi wannan damar. A watan Maris da Afrilu kaskon nan yakan fi furen kansa tara jama'a.

Maganar maciji, sauro da maƙwabta

Tsoron ba na banza ba ne, kada ka yi wa kowa dariya. Amma abin da ke jawo maciji gida shi ne ɓera da kwaɗi da wurin ɓuya irin tarin bulo da itace da shara. A kawar da waɗannan, a riƙe tazarar nan ta bango a share, a fitar da 'yar hanya ta tsakiya yadda za a ga ƙasa, kuma kada a bar ciyawa ta yi duhu. Sauro a ruwa yake haihuwa, ba a ganye ba, ko da yake yakan fake a duhuwa da rana, wanda shi ma dalili ne na rage cunkoso.

Sai kuma ido. Wurin da ba shi da iyaka, kowa kango zai kira shi, kuma ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata wani mai neman lada zai share maka shi. Jera bulo ko duwatsu a gefe, daidaita shingen, sa masu kyan fure a gaba. Da an ga iyaka an san da mai shi.

Feshi kuwa babu shi a nan sam. Fiya-fiya da magungunan ƙwarin gona ba sa tambayar wane ne mai ɓarna wane ne mai amfani. Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magunguna uku a fili tun 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma, ciki har da imidacloprid, don haka a riƙa karanta jikin kwalba. In ɗarɓa ta yi yawa a wake, a wanke da ruwa, ko a fesa jiƙon 'ya'yan darbejiya bayan magariba, a kauce wa furen. Tsutsar da ka gani tana cin ganyen tumfafiya ko na lemun tsami, mai yiwuwa malam-buɗe-littafin wata mai zuwa ce. Ganye mai huji a wannan fili ba aibu ba ne.

Abu guda da ba zan ba da shawararsa ba shi ne kafa amya a cikin unguwa. Ƙudan zumanmu yana da zafin kare gidansa, ga yara ga dabbobi a ɗaure. Wanda ya zo kiwo a fure ba ruwansa da kowa in ba an matse shi ba, amma gida guda na dubbai wani abu ne daban. In taronsu ya sauka a reshe, a janye yara, kada a yi jifa kada a sa wuta. Sau da yawa hutawa suke yi, kwana ɗaya ko biyu su wuce. In sun zauna, a kira masu sana'ar zuma su kwashe. Wanda kuma harbi ke kumbura masa fuska ko ya toshe masa numfashi, asibiti za a nufa da shi nan take.

Mataki na takwas: kaka, rani da shekara ta biyu

Ruwa na ɗaukewa wurin zai bushe ya yi muni, hannu zai riƙa ƙaiƙayin sharewa. A daure har kwanso ya fashe. A ɗebi irin baɗi da na kyauta, sauran a bar shi ya zube. Wajen Disamba a yanke da lauje, a bar tsawon taki ɗaya a ƙasa, a karkaɗe abin da aka yanka a kan filin, sannan a kwashe shi a kai wa dabbobi ko ramin taki. Kwashewar tana da muhimmanci, don in ya ruɓe a wurin ƙasa za ta yi ƙarfi ciyawa ta rinjayi fure. Kashi ɗaya cikin huɗu a bar shi a tsaye har damina, akwai masu kwana a cikin karan. Ba a sa wuta.

Shuwaka da ɗoɗɗoya da zogale su za a riƙa ba ruwa a rani, sau biyu ko uku a mako. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya ya isa, a tara a bokiti. Na wanki mai omo ko bilic kada ya je wurin.

Damina ta biyu ba sai an yi kaftu ba. Ruwan farko zai tayar da abin da ya zube, kuma wannan karon ba za a kankare ba, tunda yawancinsa naka ne. Za ka tarar wasu sun yi rinjaye, galibi tafasa da gasaya da kyasuwa, wasu kuma kamar karkashi sun ja baya. A rage masu rinjayen tun suna ƙanana, a sassauta ƙasa a guraben da suka buɗe, a watsa irin waɗanda suka yi ƙaranci daga abin da aka ajiye. In ana son faɗaɗawa, a ƙara mita ɗaya ta gefen da rana ta fi samu, a yi masa kankarar nan ta mako biyu kafin a zuba iri.